Gonar Ƙetaren Rafi

Asabar, 1 ga Rajab, shekara ta 1296, da hantsi

Da sunan Allah. Takardar nan saura ce daga wadda na saya a Maska tun ina iya zuwa kasuwa da ƙafata. Na ajiye ta don kwafar littafi, to ga shi idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, kuma ba wanda zan yi wa magana a gidan nan sai bango. Bari in yi wa takarda.

Ɗana Mudi ya shuka dawa a gonarmu ta ƙetaren rafi da ruwan farko, ta kuwa fito da kyau. Sai aka ga hayaƙi daga yamma, aka ce hari ne, mai gari ya tara samari suka tafi. Mudi na cikinsu. Ba zan rubuta abin da ake faɗa a ƙofar masallaci ba, don masu faɗar ma ba su gani ba.

Abin da na sani shi ne dawa ta isa noman farko. Ni kuwa daga ɗakina zuwa zaure sai na dafa bango. Hatsin da ke rumbu da ƙyar zai kai mu kaka. In gonar nan ta mutu, ni Sada, da na karantar da rabin garin nan, sai in zauna ina jiran abin da za a aiko mini a ƙwarya, Mudi kuma ya dawo ya tarar da fili. Ga mai gari ya hana kowa ƙetare rafi shi kaɗai, sai cikin taro.

Litinin, 3 ga Rajab, da la'asar

Mai gari ya sauke baƙi a kangon marigayi ƙanena, danga ɗaya ce tsakaninmu. Maguzawa ne daga ƙauyukan da aka ga hayaƙin. Ko shawara bai yi da ni ba. Maza kaɗan, mata da yawa, kafaɗunsu a waje, muryarsu har ɗakina. Suna da kare. Kare, a gidan da ƙanena ya yi ta sauke Alƙur'ani!

Na rufe ƙofar zaure tun rana na sama.

Talata, 4 ga Rajab, bayan azahar

Hajjo ta kawo kunu. 'Yar ƙanwar ubana ce, taubashiyata, tun muna yara ba ta taɓa barin kunnena ya huta ba. Tun da matata ta rasu kuma ita kaɗai ke tuna cewa ina da ciki.

Ta ce, "Bawan gidanmu, ka ji labarin gonarka? Matan da suka je itace da rakiya sun ce ciyawar harkiya ta fara yi wa dawarka kitso."

Na ce Allah na nan.

Ta ce, "Yana nan mana, ai shi ya yi fartanya. Ka kira gayya."

Na ce, "Wa zan kira? Samari sun tafi, tsofaffin da suka rage kowa na fama da tasa."

Ta nuna danga da baki. "Ga hannuwa can sun rasa gona, suna zaune suna kallon damina na wucewa."

Na ce a'uzu billahi. Ta yi dariya har kunun ya nemi zubewa.

"Malam A'a! Ka san haka ake kiranka a bakin rijiya? Kiɗa a'a, dariya a'a, baƙo a'a. Kai ko mutanen garin ma, yaushe rabonka da ka fara gaishe da wani? Sai dai a durƙusa maka ka ɗaga yatsa."

Na ce ni ba sa'an wasanta ba ne. Ta ce ni ne ma kuwa, tun ran suna. Sannan ta gindaya mini sharaɗi: daga gobe in fitar da buzuna ƙofar zaure da safe, duk wanda ya gifta ni zan fara gaishe shi. Kowa da kowa. In ba haka ba kununta ya koma gidan da ake dariya.

Tsohuwar banza. Ta san ba ni da mai dama mini.

Alhamis, 6 ga Rajab, da walaha

Na fitar da buzun. Na gaishe da mai sayar da gishiri, ya waiga baya don ya ga da wa nake. Na gaishe da wanzami, ya tsaya ya tambaye ni ko jikin ne ya tsananta. Wata daga cikin matan arnan ta wuce da tulu a kafaɗa, na buɗe baki, sai tari ya fito. Na bar shi a tari.

Wannan wahalar me za ta yi wa ciyawa?

Juma'a, 7 ga Rajab, bayan saukowa daga masallaci

Ba labari.

Asabar, 8 ga Rajab, da hantsi

Babbansu ya gifta, dogo mai furfura a gemu, da fata ɗaure a gindi. Hajjo na tsaye a bakin hanya tana kallona kamar mai gadin shuka. Na ce, "Ina kwana."

Ba wucewa ya yi ba, zuwa ya yi ya tsuguna. Sunansa Mati. Ya gaishe ni da gajiya, da ruwa, da jiki, da zaman kaɗaici, har da tunkiyata. Ya fara ba ni labarin yadda ruwan bana ya sauka a wajensu, na katse shi na ce ruwa na Allah ne. Ya ce haka ne. Ya sake farawa, na sake katse shi na gyara masa wata magana. Ya yi sallama ya tafi.

Hajjo ta ce, "Ka gaishe shi, ka kuma hana shi magana. Kamar ka ba mutum tuwo ka riƙe masa hannu."

Na gaya mata shekara da shekaru ni ke magana ana saurare. Ta ce shi ya sa ban san komai ba sai abin da na riga na sani.

Na yi fushi. Amma na ɗaura wa kaina abu guda, ba don ita ba: in mutum ya fara magana, zan riƙa jan tasbaha a hankali, ba zan buɗe baki ba sai ya dire.

Litinin, 10 ga Rajab, da azahar

Mati ya sake tsayawa. Na ja tasbaha har yatsana ya yi zafi, ya kuwa dire maganarsa. Ashe mutumin ya san gonata, ya ce jar ƙasa ce mai riƙe ruwa, irin wadda dawa kaura ke so. Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba. Rana ta yi zafi, ya roƙi ruwa. Na ɗebo masa a ƙwaryata, ya sha, ya yi godiya.

Da ya tafi na wanke ta da toka, na sake wankewa da yashi, na rataye ta can a turken tunkiya, daban da sauran. Na ɗauko wata don kaina.

Yau dai ba wanda zai ce ban yi ƙoƙari ba.

Laraba, 12 ga Rajab, da la'asar

Jiya da yau Mati bai bi ta ƙofata ba. Ta bayan marina suke zagayawa, shi da mutanensa duka, alhali hanyar ta fi nisa.

Hajjo ta shigo ba sallama. Ta ce matar Mati, Uwa, tana shanya ta gan ni ta ramin danga ina dirzar ƙwarya kamar wadda kare ya lasa, ta kuma ga inda na rataye ta.

Na ce, "Ƙwaryata ce. Ba zan wanke kayana ba?"

Ta ce, "Wanke. Amma turken dabba fa? Mutumin da gidansa ya ƙone, ya zo garin nan, ya sha ruwa a hannunka, ka haɗa bakinsa da na tunkiya?"

Na ce haka muka taso muka ga ana yi.

Ta ce, "Kai ne mai littattafai. A wane shafi yake?"

Ta tafi da kunun. Da gaske ta tafi da shi.

Na zauna na laluba abin da na karanta gaba da baya, tun daga malamina na Tsiga, Allah ya jiƙansa, har waɗanda na zauna gabansu a Zazzau. Na tuna babin ruwa, na tuna babin tsarki. Na sami inda aka yi maganar wankewa in ana shakka. Ban sami inda aka ce a rataye ƙwaryar ɗan Adam a turke ba. A wajen kakata na gani, ita kuwa ko alif ba ta sani ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da a littafi yake da na huta.

Alhamis, 13 ga Rajab, da safe

An yi ruwa mai yawa. Kowa na murna. Ni ciyawa nake ji tana girma a cikin kaina.

Na sauko da ƙwaryar. Na sha ruwa da ita. Ba wanda ya gani, saboda haka bai amfana wa kowa komai ba.

Juma'a, 14 ga Rajab, bayan masallaci

An ce wani saurayi ya dawo Tsiga, ba ya magana. Ba namu ba ne. Liman ya yi addu'a mai tsawo, mutane suka riƙa satar kallona. Ban san abin da suke kallo ba.

Ba labari.

Lahadi, 16 ga Rajab, da yamma

Na shiga gidansu. Rabona da kangon nan tun ranar da aka fitar da ƙanena. Sun share shi, sun yi rumfuna da kara, har sun dasa kubewa a gindin danga. Karen ya taso mini, na ɗaga sanda, wata ta daka masa tsawa ya koma.

Mati na gyaran ƙotar fartanya da ba shi da inda zai kai ta. Ya shimfiɗa mini buhun kaba. Na zauna. Na ce ina jin ƙishirwa.

Uwa ta dube ni, ta dubi mijinta, ta kawo ruwa. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta sunkuyar da kai in tana magana. Ban san lokacin da na kai ƙwaryar hancina ba.

Ta ce, "Ta ruwa ce, Malam. Ta giya ga ta can a rataye. Mu ma muna rataye ƙwarya daban, amma don abin da ke ciki, ba don bakin mai sha ba."

Matan suka fashe da dariya. Na shanye ruwan tas, har ya bi gemuna. Mati ya ce, "To, ya isa, ku bar tsoho." Ni yake kira tsoho, shi da ba zai rasa jikoki ba.

Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ai tun da suka sauka suke jiran in yi magana, hannuwansu har ƙaiƙayi suke. Zan ba da fura da tuwo kamar yadda ake yi, su kuma su nome ta a yini guda. Na ji sanyi a raina. Sai na ce amma da sharaɗi biyu: ba mata, ba ganga.

Mati ya ajiye ƙotar. Ya ce, "Malam, dubi gidan nan. Maza nawa ka gani? In ka cire mata, mu da za mu je ba mu kai taron da mai gari zai bari ya ƙetare rafi ba. Uwa kaɗai tana yin kunya biyu kafin in gama ɗaya."

Uwa ta ce, "Uku."

Ya ce, "Ganga kuwa, aradu, ban taɓa ganin gayya ba ita ba. Mutum ya sunkuya tun safe a gonar da ba tasa ba, me zai ɗaga masa baya? Ba kuɗi muke karɓa ba. Sunanmu da za a kira shi ne ladanmu."

Na manta da tasbaha. Na yi musu wa'azi a tsaye. Ba wanda ya tanka. Da na gama Mati ya raka ni har ƙofa, ya ce gona tawa ce, in na shirya suna nan.

Ladabin nan nasa ya fi zagi ciwo.

Litinin, 17 ga Rajab, da safe

Ba za a kaɗa ganga a gonata ba. Na faɗa.

Talata, 18 ga Rajab, da hantsi

Na fitar da buzu duk da haka, jiki ya saba. Sun dawo bin ƙofata. Na gaishe da Uwa, ta amsa, ta ƙara da cewa, "Malam, ya hancin?" Na yi kamar ban ji ba.

Hajjo ta dawo da kunu. Ta ce tunda na koyi gaisuwa da shiru, saura tambaya. Kullum in tambayi wani abin da ban sani ba. Na ce ba ni da abin da zan tambaya. Ta ce to in fara da wannan: me ya sa ba ni da shi?

Laraba, 19 ga Rajab, da la'asar

Hajjo ta aro mini jaki, na bi masu zuwa itace da 'yan rakiyarsu masu baka har ƙetaren rafi.

Da ban je ba.

Ɓangaren bakin rafi ba ka gane dawa daga harkiya. Ta yi rawaya, siririya kamar tsinke. Na sama da sauran rai, amma shi ma ya fara sunkuyawa. Layukan da Mudi ya shuka a miƙe suke kamar an ja zare. Na sauka na kama ciyawa da hannu, na tuge 'yan kaɗan, numfashi ya ɗauke mini, sai ɗora ni aka yi a kan jaki kamar dami.

A gindin ɗorawa na ga inda Mudi yake zama ya huta, har da duwatsun da ya jera. Ban tsaya ba.

Alhamis, 20 ga Rajab, da walaha

Tambayar yau Mati na yi wa. Na ce, a garinsu wa ke kaɗa musu gangar noma?

Ya daɗe yana zanen ƙasa da yatsa. Ya ce ƙaninsa ne. Ya ce gangar na rataye a ɗaki ranar da aka ƙone garin, ƙanin kuma ya koma ɗauko ta. Bai fito ba. Na ja tasbaha, amma ba don in hana kaina magana ba.

Can ya ce, "Ka ga ko ka yarda ma, mu ba mu da ganga. Sai ta Jibo ta garinku. Shi kuwa mun taɓa shi da maganar, ya ce in gonar Malam Sada ce, sai Malam Sada ya zo da ƙafarsa."

Jibo! Gurgun makaɗin nan na bayan marina. Wato ban da in haƙura da ganga, sai na je na roƙo ta.

Juma'a, 21 ga Rajab, bayan masallaci

Ba labari.

Na yi ta juya maganar. Matan ba nawa ba ne, ba ni na ɗaura musu zane ba, haka suke noma tun kakanninsu. Giyarsu a gidansu za su sha, ba a gonata ba, Mati ya faɗa. Gangar ce. Na san malaman da suka hana, na kuma san waɗanda suka yi shiru a kan ta aiki da ta yaƙi, na zauna gaban duka biyun. Na zaɓi masu hanawa na riƙe tun ina saurayi, ban sake waiwayar ɗaya ɓangaren ba. Yau na waiwaya. Ba daɗi. Kamar ka ɗaga tabarmar da ka daɗe kana kwana a kai.

Ban ce na canza ra'ayi ba. Na ce dai dawa na mutuwa.

Asabar, 22 ga Rajab, da azahar

Na je gidan Jibo. Tafiyar da yaro zai yi da gudu ɗaya ta cinye mini safiya.

Yana zaune yana ɗaure fatar ganga. Na yi sallama. Ya dubi sama, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Ikon Allah, na ji kamar ana magana." Haka nake yi masa in ya gaishe ni a hanya, har yadda nake ɗaga gemu ya kwaikwaya.

Ya ce in zauna. Tabarma ɗaya ce, gangar na kanta. Na zauna a gefe, ta taɓa mini gwiwa. Ya ce, "Ba ta cizo, Malam. Akuya ce da itace, duka ka san su."

Ya fara lissafa mini gayyar da ya kaɗa tun zamanin uban mai gari, da wanda ya suma a kunya, da wanda ya sami mata saboda kiɗansa. Na riƙe tasbaha. Na riƙe. Har ya ce ai shi da ni sana'armu ɗaya, muna tara mutane mu sa su yin abin da ba su yi niyya ba. Nan na ce kada ya ƙara haɗa karatu da shashanci, na kuma gaya masa makomar masu irin aikinsa.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Allah ya ba da lada, Malam. Wa'azi ka kawo ashe, ni na zaci gona ce. A sauka lafiya."

Na dawo. Ƙafata ta kumbura. Hajjo ta ce da ta sani da ta ɗinke mini baki da zaren Maska kafin in fita.

Lahadi, 23 ga Rajab, da safe

Ruwa kuma. Na kasa fita. Na gaishe da tunkiya.

Litinin, 24 ga Rajab, da la'asar

Na koma. Jibo ya sake maimaita labaransa kaf, har ya ƙara wasu, yana kallon bakina. Ya sake cewa sana'armu ɗaya. Na ja tasbaha sai da zaren ya nemi tsinkewa. Da ya dire na yi tambayar yau, don ban riga na yi ta ba. Na ce, yaya yake sanin wanda ya gaji a cikin mutane masu yawa haka, duk sun ba shi baya?

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce daga gwiwa yake ganewa. Ya yi ta bayani, ni kuwa, Allah ya sani, na ji ina so ya ci gaba.

Ya ce Alhamis zai zo ya kaɗa.

Talata, 25 ga Rajab, da hantsi

Hajjo ta shiga rumbu ta ɗebo hatsin gayya. Da ta fito ta ce ta ga ƙasan rumbun. Na ce ban tambaye ta ba.

Matan gidan Mati sun zo daka a tsakar gidana. Turmi uku, da waƙa, da tafi tsakanin bugu. Na fita zaure don kada in ji, sai na tarar a zaure ma ana ji. Tun rasuwar uwar Mudi gidan nan bai yi ƙara haka ba. Kaina na ciwo. Ban ce su daina ba.

Alhamis, 27 ga Rajab, da almuru

An yi.

Mun ƙetare rafi da sassafe, ni a kan jaki, Jibo a kan wani, 'yan baka a gaba. Wasu tsofaffin garin da suka ji za a kaɗa ganga su ma suka saɓo fartanya, har da wanzami. Mati ya zaga gonar, ya dawo ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: ɓangaren bakin rafi ya tafi, mun makara, sai dai a watsa wake a wajen. Na sama za a cece shi. Na so in ce laifin wane ne, na duba ban ga wanda zan nuna ba.

Suka jeru, maza da mata. Jibo ya rataya ganga. Na koma gindin ɗorawa na juya baya, na kama tasbaha da ƙarfi. Bugun farko har cikin haƙorana.

Ban san lokacin da na juyo ba. Ƙura na tashi, fartanyu na sauka tare kamar hannu ɗaya. Jibo na bin bayansu yana jan ƙafa, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa. In ya ga wani ya lafa sai ya tsaya a kansa, mutumin ya zabura. Uwa ta bar mijinta a baya da nisa, tana waigowa tana yi masa gwalo. Dawa ta riƙa fitowa daga cikin ciyawa layi-layi.

Rana ta take, aka sha fura, aka koma. Na ga gwiwoyi sun fara nauyi, ni ma yanzu na san inda ake dubawa. Sai Jibo ya sauya kiɗa. Wani take ne mai sauri, ban taɓa jinsa ba. Kafin ya yi nisa gonar duka ta ɗauki ihu, 'yan gari da baƙi, Uwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa, suka afka wa kunyoyin da suka rage kamar yanzu aka fara.

Na tambayi Hajjo, tana kwashe ƙore, na ce wannan na wane ne, ban ji an kira kowa a cikinsu ba.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na Mudi ne."

Na ce wane Mudi.

Ta ce, "Naka. Ba gayyar da ake yi daga nan har ƙauyen su Mati da ba ya zuwa. In ya ce maka ya tafi duba auduga, can yake. Kowa ya san takensa, Sada. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Na kasa kunne. Jibo na faɗa a kan kiɗan: "Ɗan Malam, mai hannun ƙarfe, shiga gona da safe, ciyawa ta yi sallama da 'ya'yanta. Ɗan Malam, ba a ganin bayanka sai ƙurarka."

Yaron da nake cewa ba ya magana. Yaron da ke shigowa gida sumsum ya ajiye fartanya ya gaishe ni a durƙushe.

Suka kai ƙarshen gona, kiɗan ya tsaya. Na yafuto Jibo. Ya jawo ƙafa ya zo, gumi na zuba, yana jiran wa'azi.

Na ce, "Maimaita wancan."

Ya ce, "Wanne, Malam? Shashancin?"

Na ce, "Shi. Ka juya ta yamma, inda suka tafi da shi. Ka kuma ƙara ƙarfi."